Rabon da a Tambayi Mutanen Onklou: Tarihin Ƙuri'ar Raba Gardama a Jamhuriyar Benin



Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Paraku ta nufi Jugu, garin da ake rubuta sunansa Djougou a taswira, ya ratsa ta Onklou ko da bai lura ba. Gari ne na manoman doya da masara da auduga da kashu, ɗaya daga cikin gundumomi goma sha biyu na ƙaramar hukumar Jugu, a jihar Donga ta arewacin Jamhuriyar Benin. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ta nan ayarin fatake ke bi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja ɗauko goro, su yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, wasu su yi aure su zauna. Har yau akwai unguwar Zango a Paraku, kuma ana jin Hausa a kasuwannin yankin tare da Dendanci da Fulatanci da harsunan Bargawa da Yom da Lokpa.

Na ɗauko Onklou ne don in auna wata tambaya da ita. Yaushe rabon da gwamnati ta kafa akwatin zaɓe a gari irin wannan, ta ce wa manomi ga dokar da za a mulke ka da ita, ka yarda ko ba ka yarda ba? Amsa ita ce ranar 2 ga Disamba, 1990. Yaron da aka haifa a wannan rana yanzu magidanci ne mai 'ya'ya a makaranta, ya zaɓi shugabanni da 'yan majalisa, amma bai taɓa jefa ƙuri'ar raba gardama ba. A tsawon rayuwarsa an yi wa kundin tsarin mulkin ƙasarsa gyara har sau biyu, kuma duka biyun a zauren majalisa aka gama magana. Yadda aka zo nan shi ne labarin da nake son mu bi, domin akwai abin lura a cikinsa ga mutanen Nijar da Najeriya.

Ƙuri'ar farko: 1958

A lokacin sunan ƙasar Dahome, tana ƙarƙashin Faransa. Da Janar de Gaulle ya dawo mulki, sai ya kawo sabon kundin tsarin mulki, ya ce kowace ƙasa da Faransa ke mallaka ta faɗi ra'ayinta ranar 28 ga Satumba, 1958. Wadda ta ce eh za ta sami mulkin cikin gida amma ta ci gaba da zama a inuwar Faransa. Wadda ta ce a'a ta sami 'yanci nan take, amma ta san Faransa za ta kwashe ma'aikatanta da kuɗinta. Gini ce kaɗai ta ce a'a, a ƙarƙashin Sékou Touré. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun yi kira da a ce a'a, amma hukumar mulkin mallaka ta tsaya tsayin daka a kansu, sakamakon ya fito kashi 78 cikin 100 na eh, kuma ba a jima ba gwamnatin Djibo ta faɗi.

A Dahome kuwa manyan 'yan siyasa sun taru a kan eh, aka sami kusan kashi 98 cikin 100. Aka ayyana jamhuriya ranar 4 ga Disamba, 1958, sannan cikakken 'yanci ya zo ranar 1 ga Agusta, 1960, da Hubert Maga a matsayin shugaban ƙasa na farko. Maga haifaffen Paraku ne, tsohon malamin makaranta, kuma arewa ita ce garkuwarsa. Abin lura shi ne takardar da aka yi wa ƙuri'a a 1958 a birnin Paris aka rubuta ta, da Faransanci, don magance rikicin Faransa. Manomin ƙasar Jugu bai ga rubutunta ba, balle a nemi shawararsa a kan ko da layi ɗaya. Kundin da ƙasar ta yi wa kanta a Nuwamban 1960 kuwa, majalisa ce ta amince da shi.

Siyasar Dahome a waɗancan shekaru murhu ne mai duwatsu uku. Maga yana da arewa, Sourou-Migan Apithy yana da Porto-Novo da kudu maso gabas, Justin Ahomadegbé yana da Abomey da ƙungiyoyin ƙwadago na Kwatano. Babu wanda zai iya mulki shi kaɗai, kuma duk lokacin da biyu suka haɗa kai, to don su kayar da na ukun ne. Wannan shi ne ciwon da aka yi ta neman maganinsa da sauya kundi.

Kashi 99 da bai kai shekara biyu ba

A Oktoban 1963 yajin aiki da zanga-zanga suka tsananta, Kanar Christophe Soglo ya karɓe mulki daga hannun Maga ranar 28 ga watan. Aka rubuta sabon kundi cikin 'yan makonni, aka kai shi gaban jama'a ranar 5 ga Janairu, 1964. Sakamakon da aka bayyana shi ne kashi 99.8 cikin 100 sun amince. Idan da yawan eh ne ke sa doka ta yi ƙarko, da wannan kundi yana nan har yau.

Amma an ɗinka rigar ne daidai jikin mutum biyu. Aka ba Apithy shugabancin ƙasa, aka ba Ahomadegbé mataimaki kuma shugaban gwamnati, aka bar Maga a tsare. Arewa ta ga an raba nama ba da ita ba. Wata biyu kacal bayan wannan gagarumar eh, a Maris 1964, tarzoma ta ɓarke a Paraku, magoya bayan Maga suka tashi, aka tura sojoji suka murƙushe su, aka kama jagoransu Chabi Mama da mutane da yawa. Sai mai karatu ya tambayi kansa: ina waɗannan mutane suke ranar da aka ce kusan kowa ya yarda?

Su ma mutum biyun da aka yi kundin dominsu ba su jitu ba. Sarki biyu ba su zama gari ɗaya. A Nuwamban 1965 suka yi karo kan wanda ke da ikon naɗa shugaban Kotun Ƙoli, rikicin ya kai ga soja suka tilasta wa dukansu sauka. Wanda doka ta ce ya riƙe ƙasar shi ne shugaban majalisar dokoki, Tahirou Congacou, ɗan Jugu. Ya hau ranar 29 ga Nuwamba, bai cika wata guda ba Soglo, wanda a lokacin ya zama janar, ya sake karɓe mulki ranar 22 ga Disamba, 1965. Kundin da aka ce mutum 998 cikin 1,000 sun yarda da shi bai yi shekara biyu ba, kuma ba wanda ya fito titi don kare shi.

Ƙuri'a biyu a shekara ɗaya: 1968

A Disamban 1967 matasan hafsoshi ƙarƙashin Manjo Maurice Kouandété suka kifar da Soglo, Laftanar Kanar Alphonse Alley ya zama shugaba. Su ma suka rubuta nasu kundin mai ba shugaban ƙasa ƙarfi, aka yi ƙuri'a ranar 31 ga Maris, 1968, aka sami kashi 92 cikin 100. Daga nan aka shirya zaɓen shugaban ƙasa ranar 5 ga Mayu, amma aka hana tsofaffin shugabannin tsayawa takara. Maga da Apithy, daga inda suke gudun hijira, suka ce wa mutanensu su zauna a gida. Suka kuwa zauna. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista ne kawai suka fita. Dakta Basile Adjou Moumouni ya zo na ɗaya, amma soja suka soke zaɓen saboda ƙarancin masu jefa ƙuri'a.

A duba wannan da kyau. Mutanen da aka ce sun yi tururuwa sun amince da kundi a ƙarshen Maris, su ne suka ƙi fita zaɓen farko da aka shirya a ƙarƙashinsa bayan mako biyar. Zamansu a gida ya fi eh ɗinsu faɗin gaskiya.

Da abin ya cije, soja suka zaɓo Dakta Émile Derlin Zinsou da kansu suka ɗora shi a watan Yuli, sannan aka ce jama'a su tabbatar da shi a wata ƙuri'ar ranar 28 ga Yuli, 1968. Ya sami kashi 76 cikin 100. Ranar 10 ga Disamba, 1969, Kouandété ɗin da ya taimaka aka ɗora shi ya sauke shi. Bayan zaɓen 1970 ya watse cikin rikici, aka koma ga wata dabara ta majalisar shugabanni uku, Maga da Ahomadegbé da Apithy, kowa ya yi shekara biyu ya miƙa wa na gaba. Maga ya yi nasa ya miƙa wa Ahomadegbé a Mayun 1972. Ranar 26 ga Oktoba, 1972, Manjo Mathieu Kérékou ya share su duka.

Kérékou ya rungumi aƙidar Markisanci a 1974, ya sauya sunan ƙasar zuwa Benin ranar 30 ga Nuwamba, 1975, kuma dokar ƙasa ta 1977 majalisar juyin juya hali ce ta zartar da ita. Daga 1968 har zuwa 1990, shekara 22, ba a sake kiran ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki ba.

Abin da ya bambanta 1990

Zuwa 1989 bankunan gwamnati sun durƙushe, ma'aikata sun yi watanni ba albashi, malamai da ɗalibai suna yajin aiki. A Disamban shekarar gwamnati ta ajiye Markisanci, Kérékou ya yarda a kira babban taron ƙasa. Aka zauna a otal ɗin PLM Alédjo na Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu, 1990, da wakilai kusan ɗari biyar: 'yan ƙwadago, ɗalibai, malaman addini, manoma, soja, 'yan gudun hijira da tsofaffin shugabanni. Limamin Katolika Isidore de Souza ya shugabanci zaman. Ana watsa muhawarar ta rediyo, mutane suna saurare a kasuwa da gida. Taron ya ayyana cewa hukuncinsa ya hau kan kowa, har da shugaban ƙasa, kuma Kérékou ya amince. Aka zaɓi Nicéphore Soglo firaminista na riƙon ƙwarya, aka kafa kwamitin rubuta kundi ƙarƙashin masanin shari'a Maurice Ahanhanzo-Glèlè.

Bambancin farko ke nan: an yi gardamar a fili kafin a rubuta takardar. Na biyu, da aka gama daftarin ba a garzaya da shi akwatin zaɓe ba. An zagaya da shi cikin ƙasa ana bayaninsa, ana karɓar ra'ayi da gyara, tsawon watanni. Wata tara ne tsakanin rufe taron da ranar ƙuri'a, alhali a 1964 mako goma ne tsakanin juyin mulki da ƙuri'ar.

Na uku shi ne wanda ya fi burge ni. Akwai wani sashe da ya raba kan mutane, wato ƙa'idar cewa mai neman shugabancin ƙasa kada ya gaza shekara 40, kada kuma ya wuce 70. Kowa ya san wa aka nufa. Apithy ya riga ya rasu a Disamban 1989, amma Maga yana da shekara 74, Ahomadegbé 73, Zinsou 72. Masu goyon bayan ƙa'idar suna cewa idan aka bar dattijan suka dawo fage, za a koma gidan jiya. Masu adawa suna cewa ba daidai ba ne a hana jama'a zaɓen wanda suke so. Ga mutumin Paraku ko na ƙasar Jugu da ya girma yana bin Maga, wannan magana ce da ta taɓa shi kai tsaye.

Maimakon a cusa sashen cikin kundi a ce ko ka haɗiye duka ko ka tofar da duka, sai aka ba mai zaɓe zaɓi uku: na yarda da kundin gaba ɗaya, na yarda da shi amma ban da ƙa'idar shekaru, ban yarda ba. Ranar 2 ga Disamba, 1990, kusan kashi 64 cikin 100 na masu rajista suka fita. Wajen kashi 73 suka yarda da shi gaba ɗaya, kusan kashi 20 suka yarda ban da ƙa'idar shekaru, kusan kashi 7 suka ƙi. Aka sa masa hannu ranar 11 ga Disamba.

Idan aka kwatanta da 99.8 na 1964, kashi 73 kamar faɗuwa ce. Amma alƙalumma ne da mutum zai iya gaskatawa, domin kowa ya san maƙwabcinsa da ya jefa ta biyu ko ta uku. Wanda ya sha kaye ya ga an ƙirga shi. Shi kansa Maga, da ƙa'idar ta rufe wa ƙofa, bai tayar da ƙura ba. Daga baya ma ya zauna cikin alƙalan farko na Kotun Tsarin Mulki a 1993, yana gadin kundin da ya hana shi takara.

Kada a ɗauka komai ya tafi salin-alin. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 24 ga Maris, 1991, Nicéphore Soglo ya kayar da Kérékou da kusan kashi biyu cikin uku, arewa kuwa Kérékou ta bi, kuma an yi tarzoma a Paraku inda aka far wa 'yan kudu. Tsohon ciwon bai warke ba. Amma wannan karon rikicin bai ci kundin ba. Kérékou ya miƙa mulki, ya dawo ta akwatin zaɓe a 1996, ya sake ci a 2001.

Ƙofa biyu

Waɗanda suka rubuta kundin 1990 sun san tarihin ƙasarsu, shi ya sa suka tsaurara hanyar taɓa shi. Sashe na 154 ya ce kafin ma a saurari ƙudirin gyara, sai kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisa sun yarda. Sashe na 155 ya ce gyaran ba zai tabbata ba sai jama'a sun amince da shi a ƙuri'ar raba gardama, sai fa idan kashi huɗu cikin biyar na 'yan majalisa sun amince. Sashe na 156 ya hana taɓa tsarin jamhuriya da kuma rashin jingina gwamnati ga wani addini. Ke nan ƙofa biyu ce: babbar ƙofa ta jama'a, da ƙaramar ƙofa ta majalisa. A ƙasar da jam'iyyu suka yi yawa kamar Benin ta wancan lokaci, haɗa kashi huɗu cikin biyar yana nufin sai gwamnati da 'yan adawa sun yi baki ɗaya.

Shekaru da yawa kundin ya tsaya. Da wa'adin Kérékou na biyu ya kusa ƙarewa, aka fara raɗe-raɗin gyara don ya zarce. Ƙungiyoyin farar hula suka cika Kwatano da allunan gargaɗi cewa kada a taɓa musu kundi. Kérékou ya sauka a 2006, ƙa'idar wa'adi biyu da ta shekara 70 duk sun hau kansa, Boni Yayi, ɗan Tchaourou da ke kudu da Paraku, ya gaje shi.

A Yunin 2006 'yan majalisa suka gwada ƙaramar ƙofar. Suka haɗa fiye da kashi huɗu cikin biyar suka ƙara wa kansu wa'adi daga shekara huɗu zuwa biyar. Ranar 8 ga Yuli, 2006, Kotun Tsarin Mulki ta rushe gyaran. Hujjarta ita ce kundin ya samo asali ne daga daidaituwar ra'ayin al'umma a taron 1990, don haka ko an cika lissafin ƙuri'u, ba a gyara shi ba tare da irin wannan daidaito ba. A Oktoban 2011 kotun ta ƙara da cewa akwai abubuwan da ko ƙuri'ar raba gardama ba za ta taɓa ba, ciki har da wa'adi biyu na shekara biyar-biyar da ƙa'idar shekara 40 zuwa 70. Yunƙurin gyara na zamanin Boni Yayi ma ya ci tura, musamman a 2013 da masu adawa suka riƙa sa jajayen kaya kowace Laraba.

Patrice Talon ya hau mulki a 2016 da alƙawarin mayar da shugabanci wa'adi ɗaya. Ranar 4 ga Afrilu, 2017, ƙudirinsa ya sami ƙuri'a 60 cikin 83, ana bukatar 63, ya faɗi tun a matakin farko. A Yulin 2018 wani ƙudirin, mai ɗauke da soke hukuncin kisa, ƙara wa mata kujeru, kafa kotun binciken kuɗin gwamnati da haɗe ranakun zaɓe, ya sami ƙuri'a 62. Ya tsallake matakin farko amma bai kai kashi huɗu cikin biyar ba. Bisa sashe na 155, hanyar da ta rage ita ce a je wa jama'a. Wannan ne karon da aka fi kusa da sake kafa akwatin raba gardama a Onklou. Amma a jawabinsa na jajibirin ranar 'yanci, 31 ga Yuli, shugaban ya ce ba za a yi ba, yana kafa hujja da tsadar shirya ta da kuma kusantowar zaɓen majalisa.

Zaɓen majalisar ya zo ranar 28 ga Afrilu, 2019, ƙarƙashin sababbin dokokin jam'iyyu da na zaɓe. Jam'iyyu biyu ne kaɗai aka tantance, Union Progressiste da Bloc Républicain, dukansu masu goyon bayan shugaban ƙasa. Waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, abin da ke tuna wa mai bin tarihi Mayun 1968. An yi tashin hankali da asarar rayuka a Kwatano, daga baya a Tchaourou da Savè. Wannan majalisa ce, a daren 31 ga Oktoba wayewar 1 ga Nuwamba, 2019, ta amince da gyaran kundi da ƙuri'a 83 cikin 83. Kotun Tsarin Mulki ta ce ya yi daidai, aka sa hannu ranar 7 ga Nuwamba. Haka kundin da ya yi kusan shekara 29 ba a taɓa shi ba ya sami gyaransa na farko.

Adalci shi ne a faɗi cewa akwai abubuwa masu amfani a ciki. An soke hukuncin kisa, an buɗe hanyar ware wa mata kujeru a majalisa, an amince da matsayin sarakunan gargajiya, an jaddada cewa ba wanda zai yi fiye da wa'adi biyu a rayuwarsa. An kuma ƙirƙiro kujerar mataimakin shugaban ƙasa, aka shigo da sharaɗin cewa mai neman shugabanci sai ya sami sa hannun wani adadi na 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi, sharaɗin da 'yan adawa suka ce tarko ne. Mai yiwuwa da an tambayi jama'a da sun yarda da mafi yawansu, kamar yadda suka yi a 1990. Ba a tambaye su ba.

Da 'yan adawa suka dawo majalisa a 2023, wani ƙudirin gyara ya faɗi a Maris 2024. Amma a Nuwamban 2025 aka sami ƙuri'a 90 cikin 109, aka kafa majalisar dattawa, aka mayar da wa'adin shugaban ƙasa da na 'yan majalisa shekara bakwai. Wannan ma ta ƙaramar ƙofa ya bi.

Darasi daga maƙwabta

Kada mai karatu ya fahimce ni da cewa kiran ƙuri'ar raba gardama kaɗai ya isa. Mutanen Nijar sun fi kowa sanin ba haka ba ne. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya so ƙarin shekara uku, abin da aka yi wa laƙabi da tazarce. Ya rushe majalisa. Kotun Tsarin Mulki ta ce ƙuri'ar ta saɓa doka, ya rushe ta ita ma. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, 'yan adawa suka ƙaurace, aka bayyana kashi 92 cikin 100. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010, soja ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi. Kashi 92 na Tandja da kashi 92 na sojan Dahome a 1968 'yan gida ɗaya ne, kuma ƙarshensu ɗaya.

A Najeriya kuwa ba a taɓa kai kundin tsarin mulkin ƙasa gaban jama'a ba. Na 1999 gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta zartar da shi da dokar soja, kuma sashe na 9 ya bar gyara a hannun kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Wannan tsari ya yi rana a Mayun 2006, lokacin da majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudirin da zai ba Obasanjo wa'adi na uku. Amma har gobe ana gardamar cewa kundin yana magana da sunan al'ummar da ba a tambaya ba.

Idan aka jera waɗannan duka, abin da ke fitowa shi ne akwatin ƙuri'a hatimi ne kawai. Hatimi yana da daraja idan an karanta wa mutum takardar, an saurari ƙorafinsa, an bar masa damar ƙi. A 1958 da 1964 da 1968 an buga hatimi kan takardar da ba a karanta wa kowa ba, ruwan farko ya wanke shi. A 2019 da 2025 an rubuta takardar, an ce wakilai sun isa su buga hatimin a madadin kowa. Sau ɗaya ne, a 1990, aka haɗa shawara da hatimi, kuma wannan ne kaɗai ya jure sauyin gwamnati har sau huɗu.

Masu kare hanyar majalisa suna da hujja, kuma ba a raina ta ba. Sashe na 155 halal ne, jama'a da kansu suka amince da shi a 1990. Ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya tana cin kuɗin da za a iya gina asibiti ko rijiyar burtsatse da shi. Manomin da bai iya Faransanci ba, in ji su, me zai gane a sashe ɗari da sittin? Amsar wannan ta ƙarshe tana cikin kundin kansa, domin sashe na 40 ya ɗora wa gwamnati nauyin yaɗa shi da koyar da shi, da bayyana haƙƙoƙin ɗan ƙasa cikin harsunan gida, musamman ta rediyo. Mutumin da ya iya auna farashin auduga da na taki kafin ya yanke shawarar abin da zai shuka, ba zai kasa auna bambancin shekara biyar da bakwai ba idan aka yi masa bayani da Dendanci ko Yom ko Hausa. Iyayensa sun bambance zaɓi uku a 1990, a lokacin da masu karatu ba su kai na yau ba.

Batun kuɗi kuwa, tarihin Dahome ya nuna wanne ya fi tsada. Tsakanin 1963 da 1972 ƙasar ta ga juyin mulki har biyar, kowanne da sabuwar takarda ko sabon tsari, kuma babu ɗaya da talaka ya ji nasa ne har zai tsaya masa. Kundin 1990 ya zo da sashe na 66, wanda ya ce idan aka yi juyin mulki, ƙin biyayya ga haramtacciyar hukuma haƙƙi ne kuma wajibi ne a kan kowane ɗan ƙasa. Wannan sashe ba ya aiki da ƙarfin kotu ko na bindiga. Yana aiki ne idan mutumin Onklou yana ganin dokar tasa ce. Kowane gyara da aka yi ba da saninsa ba, ko da mai kyau ne, yana rage wannan jin kaɗan-kaɗan, kuma ranar da za a nemi ya tsaya wa kundin ita ce ranar da za a san nawa ya rage.

Waɗanda suka jefa ƙuri'a a Onklou ranar 2 ga Disamba, 1990, mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara hamsin yanzu. Kafin su ƙare, ya kamata 'ya'yansu su zauna da su su ji yadda aka yi: wa ya zo ya yi musu bayani, da wane harshe, me aka yi gardama a kai a gindin bishiya, kuma wanne cikin zaɓi ukun suka ɗauka. Wannan tarihi ba ya cikin littattafan da aka rubuta a Kwatano da Paris, kuma mu masu alƙalami a Paraku da Jugu da Gaya da Kano mu ne ya kamata mu tattara shi.

Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da shugabanni masu neman shawara. Wassalam.